Lamba Ashirin da Bakwai

A jami'ar su Odell Whitlock, idan aka rataye rigar ɗan wasan ƙwallon Amurka a saman fili, an binne lambarsa ke nan, ba mai sake saka ta. Haka aka yi wa ashirin da bakwai, lambar ƙanensa Dexter, wanda ya faɗi a filin nan rungume da ƙwallo, bai sake tashi ba.

Duk shekara Odell yakan zo wasan da ake yi ranar taron tsofaffin ɗalibai, ya ɗaga wa rigar hannu alamar gaisuwa. Bana da ya ɗaga kai, ƙusa kawai ya gani. Can 'yan wasa suka fito da gudu cikin hulunan kwano, sai ga wani sabo da ashirin da bakwai ɓaro-ɓaro a bayansa.

Da aka tashi, ya tare koci Vernon, wanda da shi aka ɗauki akwatin gawar Dexter.

"Vernon, ina rigar ƙanena?"

"Haba Odell, sassauta murya. Yaron nan gudu gare shi kamar barewa. Cewa ya yi in ba a ba shi lambar ba, wata jami'ar zai tafi. Ka ga dai yau mun ci."

"Kun ci kam."

"Lamba ce fa kawai, mutumina."

Odell ya zuba masa ido har Vernon ya sunkuyar da kai.

"Ran jana'iza ba haka ka ce wa mahaifiyarmu ba. Tana mota tana jiran in ce mata na gaishe da Dexter. Zo ka faɗa mata da bakinka."