Rigar Malam Bature

Shekarar da soja suka miƙa mulki Mika'ilu ya dawo Dala daga Ingila, da akwatin littattafai da wani tari da sanyin can ya bar masa. Rayuwar wani mawaƙin Turawa na can zamanin da, ita ya je ya karanto. Mahaifiyarsa, 'Yardada, ta kasa faɗin sunan mutumin, sai ta sa masa Malam Bature. A saninta ba a ɗaukar karatu sai a gaban malami. Duk sanda ta tambayi lafiyar malamin, Mika'ilu kan ce lafiya ƙalau, don a wuce wurin.

Wata safiya ya tarar da ita ta baje babbar riga a kan tabarma. Saƙi ce, rinin Ƙofar Mata, an buge ta tana ɗaukar ido. Maƙwabtanta Tani da Luba suna ta shafawa.

"Ta malaminka ce, Auta," in ji ta. "Kawunka Gwadabe tunda ya ci zaɓe, za a kai su Landan ganin yadda ake majalisa. Shi zai miƙa masa. Mutum ya riƙe min ɗa shekara da shekaru, a ce ko goro bai gani ba?"

"Ai sai ya raina mu," in ji Luba.

Mika'ilu ya yi tari. Idan ya yi magana yanzu, kafin azahar unguwa ta gama yi mata dariya. Idan ya yi shiru, Kawu zai yi ta yawo da ƙunshi a Landan yana cigiya. Ya zauna a kan turmi har matan suka fita.

"Inna, Malam fa ya rasu."

Ta yi salati. "Yaushe? Bayan tahowarka?"

"Tun badala ba ta gama zagaye garin nan ba."

Ta dube shi. "To a gaban wa ka zauna?"

"Littattafansa."

Ta jawo rigar ta ɗora a cinya. Ya jira faɗa, bai zo ba.

"Mece ce sana'arsa?"

"Magatakardan wani hakimi ne. Sau biyu ana korarsa saboda bakinsa. Alƙalai masu cin hanci yake wa zambo, mutanen kasuwa su haddace."

"Ashe su ma suna da irin Nata'ala," ta ce, tana nufin wanzamin unguwar da ba ya raga wa kowa. "Ya bar 'ya'ya?"

"Ba a sani ba. Ko kabarinsa ba a sani ba. A ƙarshen rayuwarsa ido ya tafi, sai dai ya faɗa a rubuta."

"Ɗalibai fa?"

"Masu karanta shi ba su da yawa."

"Amma kana ciki."

"Ina ciki."

'Yardada ta miƙe ta kakkaɓe rigar. "Malami in ya rasu ba magaji, ɗalibinsa ke sa rigarsa. Tashi."

Ta zura masa. An ce mata Turawa dogaye ne, don haka ta sa an ƙara ƙyalle; rigar ta sauka har ƙasa, ta rufe masa takalmi. Ta naɗe masa hannuwan a kafaɗa, ta ja da baya.

"Ya fi ka jiki," ta ce. "Za ka cika ta. Je ka gaya wa kawunka an fasa saƙo."

"Su Tani fa? Me za ki ce musu?"

"Gaskiya mana. Malam ya rasu, riga ta zama taka. Wa zai tambaye ni shekara?"

Ya fita yana tattare gefen rigar kada ta sha kwata. Bai kai ga dawowa ba labari ya riga shi. A bakin lungu Luba ta leƙo daga zaure, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam Mika'ilu, ashe rashi aka yi. Ya haƙuri?"

Ya tsaya, ya gyara rigar a kafaɗa.

"Haƙuri da godiya," ya ce.