Zoben da Na-iya Ya Goge

Tun da tela ya rasu, matarsa ba ta sake kunna kwamfutarsa ba. Ta naɗe ta da zane, ta tura ƙarƙashin gado gefen akwatin zare. Hotunansa duk suna ciki, har da muryarsa yana yi wa auta wasa. Sai da autar ta yi wayo, ta fara tambayar yaya muryar babanta take, sannan uwar ta jawo kwamfutar. Aka kunna, ta ɗan yi gurnani, ta yi gum.

Sai ga ƙanin mijin, wanda ake kira Na-iya, mutumin da ya taɓa gyara fanka ta koma hura zafi.

"Matar yaya, kwantar da hankalinki. Datti ne kawai."

Ya zaro faifan ajiya daga cikin kwamfutar, ya kwance murfinsa a kan tire. Faifan yana ƙyalli kamar madubi, sai wani siririn zobe kusa da tsakiya da ya ɗan dushe. Gogan naka ya lakato man goge ƙarfe da bakin riga, ya yi ta murza har ya hango haƙoransa a ciki. Ita kuwa tana riƙe masa kusoshi a tafin hannu, har da yi masa sannu.

Da ya mayar, abin ya ƙi tashi, sai ta kai wa wani mai gyara a shagonsa na ƙarƙashin bene. Ya daɗe yana leƙawa da gilashi.

"Baiwar Allah, wa ya goge nan?"

"Ƙanin mijina. Wai datti ne."

"Ba datti ba ne. Da gangan masu ƙerawa suke kausasa wurin, don a nan allurar da ke karanta faifan take sauka ta huta. In wuri ya yi sumul sai ta manne, kamar gilasai biyu da ruwa a tsakaninsu. Daɗewa ce ta sa ta ɗan kama, da ni aka fara kawo wa da na lallaɓa ta. Shi kuwa fizgarta ya yi, ya bi da mai har kan inda aka adana komai."

"Ko muryar kaɗai, malam. Hotunan na yafe."

Ya mayar da murfin, ya miƙo mata, ya girgiza kai.

A gida ta tarar da Na-iya yana shaida wa maƙwabta cewa masu gyaran yanzu ba su san aiki ba. Auta ta tare ta a bakin ƙofa.

"Umma, an samo?"

Ta zaunar da ita, ta gyara murya za ta kwaikwayi yadda babanta yake kiranta. Ta nema, ta nema, ashe ita ma ta manta.