Ɓatacce a Bayan Limawa

A shekarar da aka fara maganar shari'a, unguwar Limawa da ke Dutse ta samu ƙungiyar matasa 'yan ceto. Aikinsu, in ji kwamandansu Lado, shi ne neman wanda ya ɓata da ciro wanda ya faɗa rijiya. Suna da riguna ruwan ɗorawa, da usur, da gadon ɗaukar majinyaci. Abin da suka taɓa cetowa dai akuya ce, ita ma da taimakon mai ita. Amma fareti kam, sai wanda ya gani.

Seth ɗan Mista Choji ya daɗe yana binsu. Tun da aka ƙirƙiro jihar aka dawo da ubansa aiki sakatariya, a Limawa ya girma, Jos kuwa, garin iyayensa, sai Kirsimeti yake ganinta. Bayan rikicin Kaduna maƙwabtansu Kirista suka fara ɗaure kaya. Mista Choji ma ya yi maganar mota, ranar Lahadi za ta kai matarsa da yara gida. Seth ya ce shi ba inda za shi.

"Baba, ni ɗan Limawa ne."

"A bakinka," in ji uban. "To, ji nan. In 'yan ceton nan da kake bi sun ba ka riga, ka zauna. In sun hana ka, ka shiga mota."

Ƙa'idar ƙungiyar ita ce, duk sabon shiga sai ya zama ɓatacce na yini ɗaya. Zai shiga duwatsun bayan gari ya ɓuya, su kuma su fito nemansa. Ranar Asabar da hantsi Lado ya rataya masa usur, ya ɗaga yatsa.

"Ba motsi, ba amsawa, ba busawa, sai mun gan ka da ido. Wanda ya fito da kansa ya faɗi. Mai ceto haƙuri ne jarinsa."

Seth bai so ya ba su wahala ba. Cikin masu neman akwai Mika'ilu, abokinsa tun firamare, don haka ya nufi wani kogo da su biyu suke ɓuya suna yara, in sun tsinko dabinon da ba nasu ba. Ya kwanta a inuwa yana murmushi. A ganinsa kafin azahar an gama, har ya fara tunanin wace riga ce za ta yi masa daidai.

'Yan ceto suka fito da shiri sosai. Aka jeru, aka ƙame, Lado ya raba su kashi-kashi da sanda, ya yi jawabi a kan gabas da yamma. Suka duba ƙarƙashin bishiyoyin da ke da inuwa, suka leƙa wata tsohuwar rijiya suka yi mata sallama. Rana ta take. Duwatsun Dutse kuwa in sun ɗauki zafi ba sa sanin mai riga ruwan ɗorawa.

Wani ya share gumi ya ce, "Anya yaron nan yana nan kuwa?"

"Na ji an ce sun kira mota," in ji wani.

Magana ta samu wurin zama. Wanda ya gaji ba ya rasa hujja, wannan kuwa hujja ce mai daɗi, don ta zo da izinin komawa gida. Lado ya juya ga Mika'ilu ya tambaye shi, tun da shi ya fi sanin Seth.

Mika'ilu ya kalli ƙasa. "Ai ka san su, Kwamanda. Duk tafiya suke yi."

Aka naɗe gado, aka watse.

Da usur ɗin ba na ƙungiya ba ne, da shi ke nan. Bayan la'asar Lado ya tuna da shi, ya ja Mika'ilu suka tafi gidan Mista Choji, ko an bar musu kayansu. Suka tarar da shi a ƙofar gida yana ɗaure katifa.

Lado ya ce, "Baba, sannu da aiki. Mun zo karɓar usur ɗin da Seth ya tafi da shi."

"Ya tafi ina? Ba tare kuke ba tun safe?"

Mika'ilu bai jira ƙarshen maganar ba, ya zura da gudu. Bai duba gabas ba, bai duba yamma ba, kai tsaye ya nufi kogon, Lado da dattijon na haki a bayansa. Seth na nan kwance yadda aka ce ya kwanta, leɓɓansa sun bushe, usur na kan ƙirjinsa bai taɓa shi ba. Da ya ga abokinsa sai fuskarsa ta washe, abin tausayi.

"Kai, Mika'ilu, ka manta wurin nan ne? Na ce kai za ka fara zuwa."

Da Mika'ilu ya yi shiru da ya fi. Amma kunya ta sa bakinsa ya riga hankalinsa. "Wallahi mun ɗauka ka gudu garinku."

"Garinmu," in ji Seth, a hankali.

Lado ya ga abin zai lalace, ya tuɓe tasa rigar ya saka wa Seth, ya ƙame ya sara masa. Ya ce tun da aka kafa ƙungiya ba a taɓa ɓatacce mai biyayya irin wannan ba, kuma aikin ceto na yau ya kammala cikin nasara.

Suka gangaro gida, uba da ɗa. A bakin ƙofa Mista Choji ya dubi rigar, ya yi ajiyar zuciya.

"To, sun ba ka. Magana ɗaya nake yi. Ka zauna."

Seth ya cire rigar, ya ninke ta da kyau, ya ɗora usur a kai, ya ajiye a kan dakali inda mai wucewa zai gani.

"Baba," ya ce, "da asuba motar za ta tashi, ko sai an fito coci?"