Malamin Dabbobi a Ajin Likitoci

Shekara goma sha ɗaya Bilyaminu ya yi yana yi wa shanu allura, bai taɓa kawo wa ransa zama likitan mutane ba. Haifaffen Bodinga ne, aiki ya kai shi ofishin dabbobi na Shagari, kuma daga nan har Kajiji babu rugar da ba ta san ƙarar babur ɗinsa ba.

Wata safiya da damina yana rigakafi a rugar wani makiyayi mai suna Husaini, sai bijimi ya fizge igiya ya soki Husaini a cinya. Jini ya riƙa tsartuwa kamar an fasa tiyo. Bilyaminu ya yar da sirinji, ya cusa yatsu biyu cikin raunin ya danne iya ƙarfinsa. Jinin ya lafa. A haka aka ɗora su bayan a-kori-kura, yana durƙushe kan mutumin har wani asibiti a Bodinga.

Likitar da ta tare su dattijuwa ce siririya, Dakta Kande. Ta dubi raunin, ta dubi hannunsa.

"Kada ka ɗaga," in ji ta. "Tare za mu shiga."

Aka yafa masa koren mayafi, aka ɗaura masa takunkumi, ya tsaya gefen gadon tiyata. Ƙarƙashin yatsunsa yana jin jijiyar tana harbawa, tana rauni kaɗan-kaɗan. Likitar ba ta yi gaggawa ba. Ta buɗe naman a hankali, ta bi gefen yatsansa da wani ɗan ƙarfe, ta kama wani abu da shi ko ganinsa bai yi ba, sannan ta ce ya janye. Ya janye. Ko ɗigo bai fito ba. Ya tsaya yana kallonta tana ɗinke jijiyar da ba ta kai kaurin karan dawa ba, da zare mai kama da gashi. Can sai tafin ƙafar Husaini, wanda ya yi fari fat, ya fara komawa launinsa. Tsigar jikin Bilyaminu ta tashi. Bai san yana tasbihi a fili ba sai da wata nas ta waiwayo.

A waje, tana wanke hannu, Dakta Kande ta tambaye shi, "Wa ya koya maka inda za ka danne?"

"Shanu, ranki shi daɗe."

Ta yi dariya. Ya yi ta juya maganar a baki kafin ya sake ta. "Wanga aiki, mutum kamata na iya koyon shi? Shekarata talatin da biyu, ga iyali."

"Ni malamar firamare ce shekara tara kafin in shiga," ta ce. "Amma ba zan ruɗe ka ba. Dubbai ke nema, waɗanda ake ɗauka ba su taka kara sun karya ba, kuma yawancinsu jiya sunka bar sakandare, karatu na nan ɗanye a kansu. Shekarun aikinka ba za su ƙara maka maki ko ɗaya ba. Abin da za su ba ka, ka san abin da kake so."

Da ya koma gida ya ciro tsohuwar takardar sakandarensa, ya ga fizis ɗinsa bai kai ba. Dole ya sake jarrabawar, sannan ya yi JAMB. Matarsa Tani ta saurare shi har ya gama, ta ce, "In za ka yi, ka yi da gaske. Kada ka sa in faɗa wa mutane sannan ka bari."

Ya fara. Bayan sallar asuba yana kan littafi har rana ta fito. Cikin jakar magani akwai littafin kemistiri da ya sha ruwan sama har ya kumbura. In makiyaya sun tafi taro shanu, sai ya zauna gindin ƙirya ya buɗe. Tani, wadda ta tsaya a aji uku, ita ke karanto masa tambayoyin baya tana tsinke zogale, in ya kuskure ta ce, "Sake." A ofis aka fara ce masa Farfesa. Wani abokin aikinsa ya ja shi gefe ya ce, "Ko ka samu, sai ka kusa arba'in za ka gama fa." Bilyaminu ya ce, "In Allah ya ja kwana, ko ban yi ba arba'in ɗin na nan tahe."

Shekarar farko ya gyara fizis, amma makinsa na JAMB bai ko kusanci na likitanci ba. Ya yi sati biyu bai taɓa littafi ba. Ranar wata Asabar ya dawo ya iske Tani ta jera littattafan kan tabarmarsa. Ya zauna.

A karo na biyu, bayan ya sake JAMB, yana tsakar duba wata saniya kusa da Kajiji saƙo ya shigo wayarsa. Ya hau tudu neman sabis, ya buɗe shafin. Ga sunansa, ga sunan jami'a, ga likitanci a rubuce. Ya karanta sau uku. Ya zauna nan kan tsakuwa yana kallon shanu na kiwo kamar ba abin da ya faru a duniya. Ya kira Tani; tun kafin ya faɗa, ita ta gane da kanta.

Ranar rajista a Sakkwato, ma'aikacin ya karɓi takardunsa ya ce, "Baba, ina yaron?"

"Ni ne yaron," in ji Bilyaminu.

Ya ajiye aiki da izini, ya ci shekarar farko da ƙyar. A ta biyu aka kai su ɗakin da ake koyon jikin ɗan Adam. Ɗalibai suka shiga suna hayaniya, suna ganin gawarwaki a lulluɓe kan tebura suka yi tsit. Malaminsu, wani tsoho mai furfura, ya ce waɗannan mutane ne kamar kowa, an haife su an raɗa musu suna, kuma su ne malamansu na farko, don haka a fara da yi musu addu'a. Ya waiga ya ga Bilyaminu.

"Kai ne babba cikinsu. Bismilla."

Bilyaminu ya ɗaga hannu. Ya fara addu'a, ɗalibai sama da ɗari suna amsawa ƙasa-ƙasa. Da aka shafa, malamin ya miƙa masa safar hannu, ya nuna masa tebur na farko.