Fiffiken Hagu na Tsuntsun Kaka

Bakin Siua ne ya jawo masa. Ranar Lahadi bayan coci, ana cin rogo da naman rago a garejin Gwaggo Lesieli a garin Logan, aka taso da maganar rigunan taron zuri'a, guda tamanin. Wa zai zana abin da za a buga a ƙirji? Gogan naka ya ɗaga hannu, ƙashi a baki, wai shi yana da allon zane na kwamfuta. Bai faɗa musu kwanansa tara da saye ba, kuma ko da'ira bai taɓa rufewa ba.

Gwaggo yayar babansa ce, in ta yi magana an gama. Ta sa aka warware tsohon ngatu, zanen ɓawon itacen da kakarsu ta zo da shi daga Tonga, ta nuna tsuntsayen da ke jere a kai. Irinsu take so. In Juma'a ta yi bai kawo ba, za ta ba ɗan maƙwabta, a buga musu bishiyar kwakwa kamar kowa.

Allon nan mugu ne. Hannu yana kan tebur, ido yana kan kwamfuta, alƙalami yana zamewa kamar sabulu a tayil. Ya ja fiffike, ya fito ayaba. Ya goge ayabar, kan tsuntsun ya bi ta, don komai a shafi ɗaya ya jibga. Folau, ɗan baffansa da suke haya tare, ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Mutumina, wannan jemagen mota ce ta taka shi?"

Siua ya ce ya je ya wanke tukunyar da ya ƙona tun Asabar.

Ranar Laraba ya gano wani maɓalli: ka ja layi a dama, shi zai ja maka irinsa sak a hagu. Tsuntsu ya fito fes. Ranar Alhamis daga wurin aiki ya zarce gidan Gwaggo yana fito.

Ta ɗora tabarau, ta duba, ta sauke.

"Ɗana, wannan ai tsuntsun tambarin banki ne. Namu fiffikensa na hagu gajere ne."

Ashe wani tsinke ne ya karye a allon da kaka ke goga zane a kai, ba ta taɓa gyarawa ba, kuma da wannan guntun fiffiken mutanen ƙauyensu ke gane ngatun gidansu tun daga nesa. Shi kuma ya kwashe kwana huɗu yana gyara shi.

Ya ɗauki hoton ngatun da waya, ya koma gida, ya kashe maɓallin, ya sa hoton a ƙarƙashin zanensa ya riƙa bin layin da hannu, yana gogewa, yana tsaki, har wuyansa ya sage. Juma'a da rana Gwaggo ta duba, ta gyaɗa kai sau ɗaya.

Ranar taro mutum tamanin suka fito da guntun fiffike a ƙirji. Gwaggo ta karɓi makirufo, ta gode wa masu dafa alade, sannan ta ce ita kam ta sara wa na'urorin zamani, ka nuna musu hoto kawai su zana maka da kansu. Siua yana jiran sunansa, aka ce a rufe ido a yi addu'ar abinci.