Sa Hannun Ba Katongo

"Sake karanta min wurin nan," in ji Ba Katongo.

Lombe ta gyara riƙon wayarta ta sake karantawa. Fom ɗin jami'ar ya nemi ta bayyana aikin hannun da ta iya, ta kuma kawo shaida. Ita kuwa layi ɗaya ta rubuta, cewa tana taimaka wa wani maƙwabcinsu mai gyaran injuna.

Tsohon ya ajiye filayar da ke hannunsa. Tari ya taso masa, ya dafe ƙirji har sai da ya lafa, sannan ya dube ta ta saman tabarau.

"Taimako? Wato ke ce mai miƙo min guduma ina cewa na gode? Injin niƙan Bana Chileshe wa ya naɗa masa wayar koyil? Fankoki huɗun nan na coci fa?"

"Ni ce, Shikulu. Amma ai kuna zaune kuna kallo."

"Kujerar nan ma tana nan tana kallo. Sai ki sa sunanta."

Shingen itace ne kawai ya raba gidajensu a unguwar Chimwemwe, cikin birnin Kitwe, inda ake sa Ba a gaban sunan mutum don girmamawa, Bana kuma a gaban na uwar 'ya'ya. Shekara talatin da ɗaya Ba Katongo ya yi yana aikin lantarki a ƙarƙashin ƙasa, a mahaƙar jan ƙarfe, ya fito da ƙura a huhu. Da ya bar aiki sai ya kafa rumfar kwano a gindin mangwaron gidansa, yana gyaran duk abin da ke juyawa da wuta. Lombe tana da shekara goma sha biyu ta fara zama a bakin rumfar, saboda uwarta tana wuni a kasuwa wajen sayar da busasshen kifi. Ba jikarsa ba ce, amma Shikulu take ce masa, kamar yadda ake kiran kaka a yarensu. Yanzu shekarunta goma sha tara, ta gama sakandare da sakamako mai kyau, injiniyan lantarki take so ta zama.

Binciken jami'o'in ma tare suka yi. Ta rubuta sunayen guda bakwai a bayan wata tsohuwar kalanda, tana karanto masa bayanin kowace daga waya. Hotunan gine-gine da koren ciyawa ba su dame shi ba, ya ce ba kiwo za ta je yi ba. Tambayoyinsa uku ne: suna da ɗakin aiki, a shekara ta nawa ɗalibi ke taɓa inji da hannunsa, kuma mutum nawa ne ke tsayawa a kan teburi ɗaya. Akwai wadda ya sa ta buga musu waya yana gefe yana raɗa mata abin da za ta tambaya, ita kuma kunya kamar ta nutse. Ya soke huɗu da biro. A cikin ukun da suka rage, wadda ransa ya fi kwantawa da ita tana Kigali, tana ɗaukar nauyin karatun ɗalibi gaba ɗaya. Sai dai tana son ɗan gajeren bidiyo na aikin mai nema, da wasiƙa daga wanda ya ga aikin da idonsa. Ranar Juma'a da ƙarfe biyar na yamma za a rufe.

Shi ya faɗi abin da za a rubuta a wasiƙar, ita ta kai shagon kwamfuta na bakin tasha aka buga. Ranar Asabar ta kawo masa, ya karanta a hankali yana gyaɗa kai, ya miƙo mata ba tare da ya sa hannu ba.

Ya ce wasiƙar ta ce Lombe na iya naɗa inji ita kaɗai daga farko har ƙarshe, shi kuwa bai taɓa ganin haka ba, kullum yana kusa. Ya nuna mata injin famfon rijiyar cocinsu da ya ƙone, yana ajiye a ƙarƙashin teburi. Ta naɗa shi ba tare da ta tambaye shi komai ba. In ya tashi, zai sa hannu.

Ta ce kwana shida ne kawai suka rage. Ya ce uku sun isa. Ta ce wa zai zo daga Kigali ya duba? Ya ce shi a ƙarƙashin ƙasa ya koyi sa hannu, inda in ka sa a kan abin da ba ka gani ba, wata mata ce za ta yi takaba.

Zuciya ta ɗebi Lombe. "Ku ba ku taɓa shiga jami'a ba, Shikulu. Ba ku san yadda ake yin waɗannan abubuwan ba."

Tun kafin ta rufe baki ta so a ce ƙasa ta tsage. Duk unguwar an san labarin. Injiniyoyi biyar ya koya wa aiki a mahaƙa, kowanne ya zo da takarda da hannu mai laushi, kowanne ya zama shugabansa. Ba Katongo bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce gaskiyarta. Ya tashi yana dafa bango ya shige ɗaki.

Ranar Lahadi ba ta leƙa ba. Ranar Litinin da hantsi ta ji tsayuwar mota, ta fito ta tarar da maza biyu sun tallafo shi, matarsa Bana Mwape tana biye da bargo da fulas. Numfashi ya gagare shi tun safe, asibiti za a kai shi. Kafin ta zagayo shingen motar ta tashi.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta shiga rumfar, ta jawo injin famfon.

Ta kafa wayarta a jikin gwangwani tana ɗaukar bidiyo. Ta sare ƙonanniyar wayar jan ƙarfen, ta ƙirga zagayen kowane naɗi ta rubuta a takarda, ta goge ramukan tas. Sau da yawa ta ɗaga kai za ta yi tambaya, sai ta ga kujera ba kowa. Ranar Talata da yamma ta gane ta yi kuskure a naɗi na huɗu, zagaye biyu sun yi ƙasa. Injin zai iya tashi a haka, ba kuma mai ganewa. Ta zauna ta yi kuka mai isarta, ta warware ta sake.

Ta gama ranar Laraba, aka ɗauke wuta. Uwarta da ta je dubiya ta dawo ta ce mata jikin ya yi tsanani, ta je ta gan shi. Lombe ta ce gobe. Ba ta san da wane ido za ta dube shi hannu sake ba.

Sai ranar Alhamis da ƙarfe uku aka kawo wutar. Ta jona injin. Ya yi ɗan gurnani, ya ɗauka, ya zauna a kan murya ɗaya sumul. Ta ɗauki bidiyon minti biyu a waya, ta zari wasiƙar ta yi tasha da gudu.

Ta iske shi a gado na ƙarshe kusa da taga, an sa masa robar iska a hanci. Ya rame cikin kwana huɗu kamar wanda ya yi wata yana jinya. Bana Mwape ta matsa mata. Lombe ta durƙusa ta gaishe shi, duk maganar da ta tsara a cikin bas ta gudu. Sai kawai ta kunna bidiyon ta kai wayar gaban fuskarsa. Ya kau da ita daga idonsa ya jawo ta kunnensa, ya rufe ido.

Ya saurara har ƙarshe. Ya ɗaga yatsa, ta sake kunnawa.

"Boris ɗin bayan injin yana son giris," ya ce, kalma ɗaya ɗaya. Ya huta. "Naɗin kuwa, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan."

"Shikulu, maganar da na faɗa ranar Asabar..."

"Kawo biro."

Ta ɗora wasiƙar a kan littafin waƙoƙin cocin Bana Mwape, ta sa masa biron a hannu. Ya yi harafin farko daidai. Daga nan hannun ya ƙi, biron ya zame ya ja layi karkatacce har bakin takardar. Ya dubi layin, ya yi yunƙurin sakewa, tari ya sarƙe shi. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce lokacin dubiya ya ƙare.

Da gari ya waye ranar Juma'a, Lombe tana hura gawayi ta ji kukan mutuwa ya tashi ta bayan shinge. Ba ta tambayi kowa ba.

Kafin tsakar rana an fitar da kujeru da tebur daga falon Ba Katongo, mata sun zauna a ƙasa sun jingina da bango, maza sun taru a waje ƙarƙashin tanti. Matan coci suna rera waƙa a hankali. Lombe tana cikin masu tuƙa nshima, tuwon masara, a bayan gida, hayaƙi ya ba ta dalilin jan ido. Wajen ƙarfe uku aka ce Bana Mwape tana kiranta. Ta shiga da rarrafe ta tsakanin ƙafafun mata har inda take zaune a kan katifa.

Bana Mwape ta tambaye ta ko ta aika takardun. Ta ce a'a, yau ba ranar wannan ba ce.

"Jiya bayan tafiyarki sau biyu ya tambaye ni yau wace rana ce," in ji matar. "Tashi ki je. Tukunya ba ta rasa mai tuƙawa ba."

A shagon kwamfuta ta goge layin nan na taimako, ta jera ayyukanta ɗaya bayan ɗaya, da girman kowane inji da abin da ta yi masa. Mai shagon ya ɗauki wasiƙar zai sa a na'ura, ya tsaya yana dubawa. Ya ce wannan ai ba sa hannu ba ne, kada su ce ƙarya ce, ta ruga ta kai masa ya sake tunda da sauran lokaci.

"A haka za ta tafi," in ji Lombe.

An binne shi ranar Litinin. Bayan kwana biyu 'yan'uwansa da suka zo daga garin Kasama suka kwashe kayan aikin, har da teburin. An mayar da injin famfon coci, bayan ta sa masa giris.

Amsar jami'ar ta zo bayan wata biyu, wata Talata da hantsi, tana wanki. Sun ɗauke ta. Ta karanta sau ɗaya ta miƙe da kumfa a hannu, ta fita da gudu, ta zagaya shingen ta faɗa gidan. Har ta buɗe baki za ta kira shi, sai ta ga rumfar fayau, ganyen mangwaro ya taru a inda teburin yake.

Bana Mwape tana zaune a bakin ƙofa cikin baƙaƙen kaya, da faifan gyaɗa a cinya tana ɓarewa. Ta dubi fuskar Lombe, ta dubi wayar da ke hannunta. Ta matsa gefe ɗaya a kan tabarma. Lombe ta zauna, ta kife wayar a ƙasa, ta ɗebi gyaɗar ta fara ɓarewa.