Kalma Hamsin a Kan Mode

Maccido mai sayar da iri da taki ne a bakin tashar Wurno, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya gyara hula ya ce maka shi marubuci ne. Marubucin mi? Ɗan labarin da bai cika tafin hannu ba!

Wani zaure gare su a WhatsApp, matasan Wurno da Rabah da Goronyo, da 'yan birni kaɗan. Duk Juma'a shugabar zauren, wata malamar makaranta mai suna Ruƙayyatu, takan sa hoto ɗaya, kowa ya ƙago labari a kansa, kada ya wuce kalma hamsin. Wanda ya ci ko goro ba a ba shi. Labarinsa kawai ake liƙawa a jikin hoton, a rubuta sunan zaure da "ƙagaggen labari" a sama, sunansa a ƙasa, kowa ya ɗora a sitatus. To, wannan ɗan abin shi ya hana Maccido sakat, don bai taɓa ci ba.

Labaransa duk na tsuntsayen shinkafa ne da tsofaffi masu kewar jikoki. Zayyanu, wani ɗan Rabah mai bakin tsiya da ke yawan cinyewa, ba ya raga masa.

"Malam Maccido, Allah shi biya ka," ya taɓa rubuta masa. "Tun da nih hwara karanta naka nib bar sayen maganin kwana."

Aka yi ta dariya. Maccido ma ya sa tasa dariyar, amma abin ya ci masa rai ƙwarai.

Hoton wannan makon Zayyanun ne ya kawo shi. A kan babur ya ɗauka yana wucewa, bai tambayi kowa ba. Wani dattijo ne tsaye a bakin kanal ɗin da ke kawo ruwa daga dam ɗin Goronyo, da malfa da koɗaɗɗiyar shuɗiyar riga, shebur a kafaɗa, waya a kunne, ya ɗan waiwaya. Fuskarsa ta fito tar. Maccido ya ƙura wa waiwayen nan ido, ya ce a ransa, jini kuke so? Za ku sha shi. Ya zauna a kan buhun taki ya rubuta:

"Kullum yana bakin kanal, waya a kunne. Mun ɗauka dillalin albasa yake kira. Shi ya faɗa wa 'yan bindiga ranar da Isa ya sayar da shanu, shi ya nuna musu ƙofa. Da suka yanka Isa, shi ya fara zuwa gaisuwa. Har kuka ya yi. Ku dube shi da kyau."

Kai! Zaure ya kama da wuta. Zayyanu da kansa ya ce ya sallama. Aka liƙa labarin a hoton, Maccido ya ci, har shayi ya saya wa 'yan tasha don murna.

Daga nan wani ɗan banza, Allah kaɗai ya san shi, ya yanke saman hoton da ƙasansa. Sunan zaure ya tafi, sunan Maccido ya tafi, saura fuskar dattijo da maganar. Wani ya ƙara da saƙon murya yana rantsuwa ya san mutumin. A ƙasar da kusan kowane ƙauye ya binne wanda 'yan bindiga suka kashe, wa zai tsaya tambayar asalin hoto? Da abin ya dawo wa Maccido ta wayar wani direba, wallahi daɗi ya fara ji, wai labarinsa ya yi tafiya. Ruƙayyatu ce ta tsorata. Ta ce kowa ya goge, ta rubuta bayani a yaɗa. Bayanin bai wuce zauren ba.

Ranar kasuwar Goronyo Maccido ya je saro irin albasa. Da hantsi, yana tsugune yana murza irin a tafin hannu, sai ya ji ihu daga wajen masu buhuna.

"Ga shi nan! Shi na! Infoma!"

Ya miƙe. Cikin rububin mutane ya hango shuɗiyar rigar nan ta cikin hoton.

Dattijon yana riƙe da igiyar jaki, yana ta juye-juye, bai ma gane da shi ake ba. Wani ya kaɗe masa malfa. Wani ya tura masa waya a fuska, da hoton a kai.

"Wanga ba kai na ba?"

"Ni na," in ji shi. "Ni na, Mode. Mi yah hwaru?"

Iyakar abin da aka bari ya faɗa ke nan. Gora ta sauka a tsakar kansa, ya durƙusa, jini ya wanke masa ido. Jakin ya fizge ya bi ta kan tumatirin wata mata. Sai sanduna, sai ƙafafu, sai wani da ya ɗauko dutsen awo ya danƙara masa a haƙarƙari. Wani ƙato mai suna Mu'azu ya ratso taron da adda a hannu yana kuka kamar yaro. An kashe masa ƙane bara, kuma sunan ƙanen Isa.

"Ku bam mini shi! Shi yas sa an ka yanka ƙanena!"

Maccido bai san lokacin da ya isa tsakiyarsu ba. Ya buɗe hannuwa.

"Ku tsaya! Don girman Allah ku tsaya! Ƙarya ta! Ni nir rubuta, labari na, gasa mun ka yi!"

"Wace gasa?"

"Ta labari! Ba wani Isa, ni nis sa sunan!"

Ina ma bai faɗi haka ba. Mu'azu ya juyo, idanu jajur.

"Ba wani Isa? Ni nis sa shi kabari da hannuna, ka ce ba wani Isa?"

Da bayan adda ya kai masa a baki, haƙora biyu suka zubo. Maccido ya laluba aljihu ya zaro waya don ya nuna musu zauren, wani ya buge hannun da sanda har ƙashin ya yi ƙara, wayar ta faɗi aka tattake ta.

"Abokin cin mushensa na! Ku haɗa su!"

Ya faɗa kan Mode ya rufe shi da jikinsa. Abin da ya rage masa ke nan. Duka ya yi ta sauka a gadon bayansa, a ƙeya, a cinya. Yana jin numfashin dattijon a wuyansa, yana jin wani yana kiran a kawo taya da fetur. Kaico da mutane! Waɗannan fa da safe suka gaisa da juna, wasunsu sun sha sayen albasa a hannun Mode.

Wani Alhaji mai a-kori-kura ne ya cece su daga wuta. Ya danno motar cikin taron yana hon ba ƙaƙƙautawa, dattawan kasuwa suka biyo shi suna salati suna ture matasa. Limamin masallacin kasuwa ya rungume Mu'azu ta baya, ya ƙi saki duk da addar ta tsaga masa hannu. Aka jefa su biyun a bayan mota kan buhunan albasa. Alhaji bai yarda ya tsaya asibitin garin ba, don ana bin su da jifa. Ya miƙi hanyar Wurno.

Rana ta take. Motar tana tsalle a ramuka, gonakin rani kore shar dama da hagu, injinan ban ruwa suna ta aikinsu. Maccido ya ja jiki ya ɗora kan Mode a cinyarsa, ya cire hula da hannun da bai karye ba ya danne raunin. Jinin bai tsaya ba. Duk numfashin da dattijon ya ja, sai kumfa ja ta fito masa a gefen baki.

Can ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya riga ya rufe.

"Kai na kac ce kai kar rubuta?"

"Ni na, Baba."

"Ɗan wa na kai?"

"Ɗan Malam Junaidu, na Wurno."

Mode ya shiga lalube a ransa. Ana gani ka san so yake ya tuna, ko wata iyakar gona, ko wani rikicin ruwa, ko wata magana da ya taɓa faɗa wa wani.

"Ban tuna ba," ya ce da ƙyar. "Mi niy yi maka, ɗana? Hwaɗa mini in roƙe ka gahwara tun ina iyawa."

Maccido ya fashe da kuka. Da akwai laifin, ko ƙanƙane, da ya faɗa.

"Ba ka yi mini komi ba, Baba. Ban san ka ba. Ko sunanka yau nij ji shi."

"Ba ka san ni ba?"

"Wallahi ban san ka ba."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa da idon nan ɗaya. Ba fushi a ciki, mamaki ne kawai. Leɓunansa suka motsa kamar zai sake tambaya, sai ya koma kalmar shahada, Maccido yana taya shi da fasasshen baki.

Kafin su shiga Wurno kan dattijon ya yi nauyi a cinyarsa. Alhaji ya leƙo ta taga yana cewa a ƙara haƙuri, an kusa. Maccido kuwa yana ta danne raunin da hular.